Gidan da ke sarrafa tagoginsa da fitilunsa: me ya kamata a duba kafin a zaɓi tsari?

A Faransa da Jamus da Beljiyam da Italiya, gidaje da yawa suna da murfi mai naɗewa a bayan tagoginsu. Siraran faifan alminiyom ne ko na roba da aka sarƙa da juna, suna sauka ta bayan gilashi, idan an ɗaga su kuma su naɗe cikin wani dogon akwati a saman tagar. Irinsa ne ake gani a ƙofofin shaguna a Kano ko Maraɗi, sai dai na taga bai kai wancan nauyi ba. A da da ɗamara ko mariƙin juyawa da hannu ake jan sa. Yanzu ƙaramin inji ake cusawa a cikin bututun da murfin ke naɗuwa a kai, a danna makunni ya hau ko ya sauka.

Da zarar inji ya shiga taga, sai wata tambaya ta taso wa mai gida. Tun da murafan nan da lantarki suke aiki, fitilu ma haka, me zai hana a haɗa su duka a ƙarƙashin tsari ɗaya, su rufe da kansu idan rana ta take, su buɗe da asuba, fitilun tsakar gida su kama idan duhu ya shiga? Tambayar mai ma'ana ce, kuma kasuwa ta cika da masu amsa ta. Matsalar ita ce amsoshin ba sa jituwa da juna, kuma yawancin masu saye da manhajar waya suke fara zaɓe, alhali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Gida yana shekara hamsin ko fiye. Injin taga yana iya kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin. Manhaja da kamfanin da ke bayanta ba su da wannan tabbacin. Don haka ma'aunin da na ga ya fi dacewa shi ne wannan: me zai ci gaba da aiki ranar da intanet ya yanke, ranar da aka ɗauke wuta, da ranar da kamfanin ya rufe?

Amfanin abin, kafin a zo ga kaya

Murfin da ke waje yana tare rana tun kafin ta taɓa gilashi. Labulen cikin ɗaki kuwa sai zafi ya riga ya shigo yake tarar sa. Wannan bambancin shi ne babban dalilin da ya sa murfi mai sarrafa kansa ya wuce abin ƙawa. Mutum yana fita aiki da safe, rana ta juyo ta bugi tagogin yamma da la'asar, babu kowa a gida da zai rufe. Tsarin da ya san lokaci, ko wanda aka haɗa da na'urar auna hasken rana, zai sauke murafan wannan ɓangaren kawai, ya bar na gabas a buɗe. Da sanyin hunturu kuma akasin haka ake so: a buɗe wa rana da rana, a rufe da dare don ɗumin ɗaki ya zauna.

Faransawa sun ɗauki batun zafin gida da muhimmanci tun bayan tsananin zafin bazarar 2003, wanda ya kashe mutum kusan 15,000 a ƙasar, akasarinsu tsofaffi. Dokar gini ta RE2020, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, tana auna yawan zafin da sabon gida zai tara a lokacin bazara, kuma inuwar tagogi na cikin abubuwan da ke shiga lissafin. A ɓangaren fitilu ribar kuɗi ba ta kai haka ba, domin ƙwan LED bai cika shan wuta ba tun asali. Amfaninsu ya fi karkata ga sauƙi da tsaro: makunni ɗaya a bakin ƙofa da zai kashe fitilun gida duka, hasken da zai kama a hanyar banɗaki idan dattijo ya tashi cikin dare, ko fitilun da za su riƙa kunnuwa da mutuwa lokacin da masu gida suka yi tafiya, don kada a gane babu kowa.

Injin taga shi ne ke yanke hukunci

Wanda zai zaɓi tsari ya fara da buɗe akwatin taga ya ga wane irin inji ne a ciki, domin iri biyu ne, kuma kowanne da hanyar da yake kai mutum.

Na farko mai waya ne zalla. Wayoyi huɗu ne ke fita daga cikinsa: ta hawa, ta sauka, ta nutural, da ta ƙasa. Idan aka ba wayar hawa wuta ya hau, idan aka ba ta sauka ya sauka. Ba shi da wayo ko kaɗan, kuma wannan ne ƙarfinsa, domin kowace ƙaramar na'urar sarrafawa ta kowane kamfani za ta iya tuƙa shi. Idan na'urar ta lalace ko ta tsufa, a cire ta a sa wata, injin yana nan. Abu biyu kawai ake kiyayewa. Kada wuta ta shiga wayar hawa da ta sauka a lokaci guda, don haka dole a sayi na'urar da aka yi musamman don murfin taga, ba ta fitila mai baki biyu ba. Kuma ba a haɗa irin waɗannan injuna biyu kai tsaye a kan makunni ɗaya, domin wutar ɗaya tana komawa cikin ɗayan ta lalata shi.

Na biyu mai rediyo ne a cikinsa, rimot yake saurare. A nan ne sunan Somfy ke fitowa, kamfanin garin Cluses da ke gindin tsaunukan Alps a Faransa, wanda injunansa suka cika gidajen Turai. Yana da tsohon tsari mai suna RTS, a kan zangon megahaz 433, da sabo mai suna io-homecontrol, a kan 868, wanda kamfanin tagogin rufi na Velux ma yake amfani da shi. Bambancinsu ya fi ƙarfin lamba. A RTS umarni tafiya kawai yake yi, ba ya dawowa da amsa. Ka danna "rufe" daga ofis, manhaja ta nuna maka ta aika, amma ko murfin ya sauka, ko wani abu ya tokare shi, ko saƙon bai isa ba, babu mai gaya maka. A io injin yana mayar da jawabi, ya faɗi inda ya tsaya. Sai dai io rufaffen tsari ne. Wanda ya sa shi, hanyar da ta fi sauƙi gare shi ita ce akwatin TaHoma na kamfanin. Haka abin yake ga Delta Dore da tsarinsa na X3D da akwatinsa Tydom. Kayan suna da inganci, masu girka su kuma suna da yawa a Faransa, amma wanda ya shiga ya san cewa ƙofar fita ƙarama ce.

Akwai kuma inji mai batir da ƙaramin faifan sola a jikin akwatin taga. Ba ya buƙatar a fasa bango, kuma ɗauke wuta ba ya dame shi. Kuɗin da ake biya shi ne canjin batir bayan wasu shekaru, sannan tilas ta rediyo ake masa magana.

Waya ko iska

Ga wanda yake gini sabo, ko yake gyaran da ya kai ga fasa filasta, tsari mai waya ya fi kowanne dogon rai. Sunan da ya yi fice a nan shi ne KNX. Tushensa tsarin EIB ne da kamfanonin lantarki na Turai suka kafa ƙungiyarsa a Brussels a 1990, daga baya aka haɗe shi da wasu tsaruka biyu, yau kuma kamfanoni sama da 500 ne ke ƙera kayan da ke jin harshensa. Koriyar waya ce siririya mai ɗauke da wuta kusan bolt 30, tana bi ta kowane makunni har zuwa allon rarraba wutar gida. Babu wata ƙwaƙwalwa guda da idan ta mutu gida ya tsaya. Kowane makunni ya san abin da zai faɗa, kowace na'urar da ke allon ta san abin da za ta saurara. Makunnin wani kamfanin Jamus yana tuƙa na'urar wani kamfanin Sifaniya ba tare da gardama ba, kuma kayan da aka sa shekaru ashirin da suka wuce suna aiki da na bana.

Aibinsa tsada ce, da kuma dogaro da gwani. Da manhajar kwamfuta mai suna ETS ake tsara shi, kuma akasari mai girkawa ne ke riƙe da ita. Duk wanda ya sa KNX ya tabbata ya karɓi fayil ɗin tsarin gidansa a hannu ranar da aka gama aiki. In ba haka ba, ranar da mai girkawar ya ƙaura ko ya daina sana'a, wanda zai gaje shi sai ya fara lalube daga tushe.

Ga gidan da aka riga aka gama, iska ce mafita, kuma hanyoyi uku ne suka fi yawa. Wi-Fi ya fi sauƙin farawa, domin babu akwatin da za a ƙara saye. Ƙananan na'urorin Shelly na Bulgeriya da Sonoff na China, da ɗimbin kayan da ke tafiya a kan dandalin Tuya, nan suka fi yawa. Amma na'urar Wi-Fi ta gida ba don ɗaukar fitilu da tagogi arba'in aka yi ta ba, kuma ranar da aka canja ta ko aka canja kalmar sirri, sai an bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Zigbee kuwa, wanda fitilun Philips Hue suka yaɗa tun 2012, IKEA da Legrand ma suke amfani da shi, saƙa yake yi: kowace na'urar da ke jone da wutar gida tana miƙa saƙo ga ta gaba, don haka yawan kayan ƙarfi yake ƙara masa. Yana buƙatar akwati ɗaya a tsakiya. Z-Wave, wanda aka ƙirƙira a Denmark, shi ma saƙa yake yi, amma a kan zango mai ƙasa wanda ya fi ratsa bango, sai dai kayansa sun fi tsada.

A Oktoban 2022 aka fitar da Matter, harshe na bai-ɗaya da Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, kuma fitilu da murafan tagogi suna cikin kayan da ya fara da su. Alƙawarinsa biyu ne: kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna, kuma su yi magana a cikin gida ba sai sun fita intanet ba. Alƙawari ne mai kyau, kuma alamar Matter a jikin kwali ƙarin daraja ce. Amma harshen bai-ɗaya abubuwan da kowa ya yarda da su kawai yake ɗauka. Sau da yawa wasu saituna na musamman suna nan a manhajar kamfanin da ya ƙera kayan.

Ina ƙwaƙwalwar gidan take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce ba a cika rubutawa a jikin kwali ba. A wasu tsaruka, idan ka danna waya don kashe fitilar da ke saman kanka, umarnin sai ya fita ta intanet, ya je manyan kwamfutocin kamfani a wata nahiya, sannan ya dawo ɗakin da kake zaune. Muddin komai lafiya, ba za ka lura ba.

An riga an ga abin da ke faruwa idan ba lafiya ba. A 2014 kamfanin Nest, mallakar Google, ya sayi Revolv, mai ƙera akwatin sarrafa gida da ake sayarwa dala 299. A Mayun 2016 aka kashe kwamfutocin da akwatin ya dogara da su, ya zama ba ya iya komai. A 2020 kamfanin Wink ya sanar da masu kayansa cewa daga yanzu sai sun riƙa biyan kusan dala 5 a wata, in ba haka ba su rasa aikin abin da suka riga suka saya. A Afrilun 2022 kwamfutocin Insteon suka mutu ba sanarwa, manhajar ta daina aiki a gidaje masu yawa a Amurka, sai bayan watanni biyu wasu masu amfani da kayan suka haɗa kai suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Abin lura a labarin Insteon shi ne makunnan bango sun ci gaba da kunna fitilu, domin kai tsaye suke magana da juna. Abin da ya dogara da kamfani shi ne ya faɗi. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk tsarin da ƙwaƙwalwarsa ke hannun wani, aro ne komai tsadarsa.

Akwai kuma batun sirri. Tarihin hawa da saukar murafan gida yana faɗin lokacin da mutanen gidan ke kwanciya, lokacin da suke tashi, da makon da suka yi tafiya. Bayani ne da ya fi dacewa ya zauna a cikin gida.

Masu son riƙe ƙwaƙwalwar a hannunsu suna komawa ga manhajoji irin su Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, ko Jeedom ta Faransa. Ana ɗora su a kan ƙaramar kwamfuta a cikin gida, suna kuma iya haɗa kayan kamfanoni masu yawa wuri ɗaya. 'Yanci ne na gaske, amma da aiki a cikinsa: sabuntawa, ajiye kwafi, gyara idan wani abu ya karye. Idan mutum ɗaya ne kawai a gidan ya fahimci yadda abin yake, to ranar da ba ya nan iyalinsa ne za su sha wahala. Wanda ba shi da lokaci ko sha'awar wannan, gara ya ɗauki akwatin kamfani wanda aka tabbatar yana aiki ba intanet.

Makunnin bango ba ya tsufa

A fitilu, zaɓi biyu ne: a sa wayon a cikin ƙwai, ko a sa shi a bayan makunni. Ƙwai mai wayo yana canja launi da ƙarfin haske, yana da kyau ga fitilar gefen gado ko ta falo. Amma yana son wuta kullum. Baƙo ko yaro ya kashe makunnin bango, shi ke nan ƙwan ya ɓace daga manhaja, kuma idan Zigbee ne, saƙar da ke bi ta kansa ta tsinke. Gidajen da suka bi wannan hanya sukan ƙare da manna salatif a kan makunni, alamar cewa tsarin yana faɗa da mutanen da aka yi shi dominsu.

Ƙaramar na'ura a bayan makunni ta fi dacewa da yawancin ɗakuna. Makunnin yana aiki yadda kowa ya saba, kaka da jika duk sun iya, manhaja kuma ƙari ce. Cikas ɗinta ɗaya ne: yawancinsu suna buƙatar wayar nutural, kuma a tsohon wayarin ba a kai ta ramin makunni, a fitila take tsayawa. Akwai na'urorin da aka yi don wannan yanayin, waɗanda ke satar 'yar wuta ta cikin ƙwan, amma da ƙananan ƙwayayen LED sukan sa fitila ƙyaftawa ko ta riƙa ɗan haske bayan an kashe, sai an ƙara wani ɗan abu a jikin fitilar. Tun ran gini tun ran zane: mai sabon gini ya ce wa mai wayarin ya kai nutural kowane makunni, ya sa ramuka masu zurfi, ya bar bututu fanko zuwa saman kowace taga. Kuɗinsa kaɗan ne kafin filasta, bayan filasta kuwa sai da guduma.

Idan aka ɗauke wuta

Masu ƙera kayan nan sun yi su ne don ƙasashen da wuta ba ta cika yankewa ba. Wanda zai sa su a Abuja ko Kaduna ko Yamai, dole ya ƙara wasu tambayoyi. Ƙarfin wutar Nijeriya da Nijar ya yi daidai da na Turai, don haka kayan Turai suna shiga. Na Amurka kuwa don bolt 120 aka yi su, kuma Z-Wave na can zangonsa daban ne, ba ya jin na Turai.

Wasu ƙwayaye masu wayo, idan wuta ta dawo, da cikakken haske suke kamawa. Ka yi tunanin an kawo wuta ƙarfe biyun dare, ɗakunan kwana duka su haskake. A duba ko na'urar tana da saitin da zai sa ta koma yadda take kafin a ɗauke. Sannan kowace ƙaramar na'ura tana shan kusan rabin wat zuwa wat ɗaya ko ba ta aikin komai. Guda talatin masu shan wat ɗaya za su ci wat-awa 720 a yini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga batirin inbata. Akwatin tsakiya da na'urar Wi-Fi su kasance a kan layin inbata, a kuma sa abin kariya daga hauhawar wuta, domin sauyi tsakanin janareto da wutar gari yana ƙona ƙananan kayan lantarki. Katangar bulo da siminti mai rodi tana raunana saƙon rediyo, musamman tsakanin bene da ƙasa. Ƙurar hunturu kuma tana cika hanyar da murfi ke bi, ta rufe faifan sola, don haka shara da goge-goge suna cikin kuɗin riƙon abin.

Mafi girma duka shi ne rai. Murfin lantarki da ya sauka, wuta ta yanke, ya zama bango. Idan gobara ce ta yanke wutar, kuma tagogin suna da ƙarfen tsaro, to an toshe wa mutanen ɗaki hanya sau biyu. Ana iya tsara gida ya ɗaga murafai ya kunna fitilu idan na'urar gano hayaƙi ta yi ƙara, kuma yana da kyau a yi, amma wannan ma da wuta yake aiki. Dole ƙofar fita da aƙalla taga ɗaya a ɓangaren kwana su kasance suna buɗuwa da hannu, ko da inji mai mariƙin juyawa na gaggawa ko mai batirinsa. Haka kuma kada a sa murfin ƙofar baranda ya riƙa sauka da agogo ba tare da na'urar da ke gane ƙofar a buɗe take ba, don kada ya kulle mutum a waje.

Yadda za a jera shawarar

Mai gini sabo da ke da hali ya sa waya, ko KNX, ko aƙalla ya ja wayoyin kowace taga da kowace fitila zuwa allo ɗaya, ya zaɓi injuna masu waya zalla. Wanda gidansa ya riga ya cika da injunan rediyo na wani kamfani, ya bi akwatin da ke jin harshensu, ya kuma tabbatar rimot ko makunnin kowace taga yana aiki shi kaɗai. Wanda yake da injuna masu waya a tsohon gida, ƙananan na'urorin Zigbee ko Z-Wave ko na Wi-Fi masu aiki a cikin gida sun ishe shi. Ɗan haya ya tsaya a kan abin da zai iya kwancewa ya tafi da shi. Kowa kuma ya fara da ɗaki ɗaya, ya zauna da shi wata guda ko biyu, ya ji ra'ayin sauran mutanen gidan kafin ya sayi na sauran ɗakuna.

Kafin a biya mai girkawa cikon kuɗinsa, a yi gwaji uku a gabansa. A cire intanet, a ga ko jadawalin rufewa da buɗewa yana tafiya. A kashe akwatin tsakiya, a ga ko makunnan bango suna ɗaga murfi suna kunna fitila. A sauke babban makunnin wutar gida, a ga ko akwai hanyar fita da hannu, sannan a mayar a ga yadda fitilu za su tashi. Tsarin da ya ci waɗannan gwaje-gwajen ya cancanci kuɗinsa ko da manhajarsa ba ta da kyan gani. Wanda ya faɗi ko ɗaya daga ciki, a gyara shi tun mai girkawar bai bar gidan ba.